Yadda Za Ka Rage Jiran Yabon Intanet, Ka Koma Cikin Mutane, Ka Kuma Iya Zama Kai Kaɗai

Shekara biyu da suka wuce mahaifin wani abokina ya rasu. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi firamare, kuma daga gidanmu zuwa nasu bai wuce minti ashirin a adaidaita sahu ba. Na ga sanarwar a guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinmu, na rubuta "Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta", na ɗora hoton marigayin a sitatus, na ci gaba da sabgogina. Abin da ke ci mini rai har yau, a yammacin nan na koma kan sitatus ɗin ya fi sau goma ina duba mutum nawa suka gani. Ban taka gidan ba sai bayan kwana bakwai. Da na je bai yi mini ƙorafi ba. Cewa kawai ya yi, "Ranar na yi ta kallon ƙofar zaure, ina cewa yanzu za ka shigo."

Daga ranar na fara lura da halin da waya ta jefa ni. Idan ina cikin mutane, rabin hankalina yana aljihu. Idan na shiga ɗaki ni kaɗai, ɗaruruwan mutane na biyo ni ta cikin gilashi. Na rasa daɗin zama da jama'a, na kuma rasa natsuwar zama ni kaɗai, sai na riƙa cike gurbin da ƙirga waɗanda suka danna mini laik. Matakan da ke ƙasa su ne na bi. Za su ɗauki kamar kwana arba'in, kuma babu inda za a ce ka jefar da wayarka.

Mataki na farko: mako guda na aunawa

Kada ka canja komai a wannan makon. Shiga saitin wayarka, idan Android ce ka nemi Digital Wellbeing, idan iPhone ce ka nemi Screen Time. Za su nuna maka awa nawa ka yi a kan kowace manhaja da sau nawa ka buɗe wayar a yini. Kowane dare ka rubuta alƙaluman a takarda da biro.

A gefen alƙaluman ka ƙara abu ɗaya wanda waya ba za ta iya faɗa maka ba: me kake ji a daidai lokacin da hannunka ya kai gare ta? Gajiya ce, haushi ne, kewar wani ce, ko dai ka ɗora wani abu ne kana jiran a tanka? Sau uku ko huɗu a rana ya isa. Zuwa ƙarshen mako za ka ga wani abu yana maimaita kansa. Ni nawa guda biyu ne: bayan duk wani saɓani a gida, da kuma awa ɗaya bayan na wallafa rubutu.

A nan ne kuma za ka bambance abubuwa biyu da muke yawan haɗawa. Akwai kaɗaici, wato ka so mutane ka rasa su, ko kana tsakiyarsu amma babu wanda ya san abin da ke ranka. Akwai kuma keɓewa, wato ka zaɓi ka janye na ɗan lokaci don ka huta ka yi tunani, abin da malamai ke kira halwa ko uzula. Na farko ciwo ne, na biyu kuwa jiki da zuciya na bukatarsa. Sai ka san wanne ke damunka kafin ka san inda za ka fi ba da ƙarfi a matakai na huɗu da na biyar.

Mataki na biyu: toshe ƙofofin da ake kiran ka ta cikinsu

Ya kamata ka san cewa wannan jiran ba raunin halinka kaɗai ba ne, da gangan aka gina shi. Facebook ya fito da maɓallin laik a shekarar 2009. A 2017 Sean Parker, wanda shi ne shugaban kamfanin na farko, ya fito fili ya ce tun farko abin da suka sa a gaba shi ne yadda za su cinye lokacin mutum da hankalinsa gwargwadon iko, ta hanyar ɗanɗana masa ɗan daɗi duk lokacin da wani ya yaba hotonsa ko rubutunsa. Dabarar ta girme su. Masanin halayya ɗan Amurka B. F. Skinner ya nuna tun da daɗewa, da tantabaru, cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi sa dabba nacewa a kan wanda aka san lokacinsa. Abin da ke riƙe ɗan caca ke nan. Wani rubutun naka mutum biyar za su kula, wani ɗari uku, kuma rashin sanin wanne ne zai sa ka yi ta leƙawa.

To ga abin yi, a zama ɗaya, cikin rabin awa. Kashe sanarwar duk manhajojin sada zumunta, ka bar ƙarar kira da ta saƙon tes kawai. Wanda ke da larura ta gaske zai kira ka. A Instagram da Facebook akwai wurin ɓoye adadin laik, tun 2021 suka saka shi, ka kunna. A WhatsApp ka shiga ɓangaren sirri ka kashe shuɗin alamar nan da ke nuna an karanta saƙo. Wannan yana da fa'ida biyu: ka huta da zargin "ya gani bai amsa ba", sannan jerin waɗanda suka kalli sitatus ɗinka zai daina bayyana, don haka babu abin komawa a ƙirga. Guruf-guruf ɗin da ba na aiki ko na dangi na kusa ba, ka rufe musu baki gaba ɗaya. Mutumin da duk sanda ka ga hotonsa sai ka ji rayuwarka ta yi maka ƙunci, ba sai ka cire shi daga abokai har a yi rigima ba. Facebook na ba ka damar ɓoye shi na kwana talatin ba tare da ya sani ba.

Sai ka sa wa kanka iyaka. A 2018 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun gwada ɗalibai 143. Wasu aka bar su yadda suka saba, wasu aka taƙaita musu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma-goma a rana har tsawon mako uku. Waɗanda aka taƙaita wa sun samu raguwar kaɗaici da ƙuncin rai a fili. Minti talatin ke nan jimla. Idan yanzu kana yin awa biyar, kada ka yi tsalle zuwa talatin, za ka karye a kwana na uku. Raba abin da kake yi biyu a mako na biyu, ka sake rabawa a na uku. Kuma wayar ta daina kwana a gefen matashinka. Sa ta caji a falo ko a can ƙarshen ɗaki, inda sai ka miƙe kafin ka kai gare ta.

Mataki na uku: tambaya ɗaya kafin ka wallafa

Kafin ka danna, ka tambayi kanka: wa nake so ya ga wannan? Idan ka yi wa kanka gaskiya, sau da yawa fuska ɗaya ce za ta faɗo maka. Tsohuwar budurwa, kishiya, ɗan uwan da ya taɓa raina ka, ko kuma wani da kake kewa amma girman kai ya hana ka nemansa. Idan wanda kake kewa ne, ajiye rubutun ka kira shi. Idan habaici ne, goge shi, domin wanda ka yi don shi ƙila ma ba zai gani ba, sai mutum ɗari biyu da ba ruwansu su san sirrin gidanka.

Abin da ya tsallake wannan tambayar, ka bar shi ya kwana. Washegari idan har yanzu kana ganin yana da amfani, wallafa shi, sannan ka haramta wa kanka komawa kansa sai bayan awa ashirin da huɗu. Kwanakin farko hannunka zai yi ta ƙaiƙayi. Yana wucewa.

Akwai wani ɓangare da nake ganin ya fi kowanne nauyi a wurinmu, shi ne aikin alheri. Hoton rabon abinci da azumi, hoton marayan da aka ɗinka wa kayan Sallah, hoton kai a gaban Ka'aba. Ban ce duk wanda ya ɗora irin wannan mai riya ba ne. Ƙungiyar da ke tara kuɗin jama'a dole ta nuna inda kuɗin suka tafi, kuma wani yakan ga aikin ya yi koyi. Amma ka gwada wannan a kanka: cikin kowane wata ka yi alheri ɗaya da babu wanda zai sani, ko matarka, ko mijinki. Idan ka ji zuciyarka na ta tunzura ka ka faɗa, to ka gano inda ciwon yake. Kuma don Allah, fuskar mabuƙaci ba taka ba ce da za ka yaɗa. Ya karɓa ne don yunwa, ba don ya yarda duniya ta gan shi yana karɓa ba.

Mataki na huɗu: rubuta mutanenka, ka taka zuwa gare su

A nan aikin yake, kuma a nan zan fi daɗewa. Idan ka rage waya ba ka cike gurbin da mutane ba, za ka koma mata da yunwar da ta fi ta da.

Robin Dunbar, masani a Jami'ar Oxford, ya yi suna da lissafin cewa mutum ba ya iya riƙe alaƙa mai ma'ana da fiye da kimanin mutum 150, kuma a cikinsu akwai da'ira-da'ira: kamar biyar na ƙut da ƙut, sai goma sha biyar, sai hamsin. Facebook kuwa yana ba ka damar tara abokai har 5,000. Ɗauki takarda ka rubuta mutum biyar da za ka iya buga wa waya ƙarfe biyun dare idan ɗanka ba lafiya, su taso ba tare da dogon bayani ba. A ƙasa ka rubuta wasu goma da mutuwarsu za ta girgiza ka. A gaban kowane suna ka sa ranar ƙarshe da kuka ga juna ido da ido. Lokacin da na yi nawa na tarar da gwaggona, wadda ta goya ni, wata goma sha ɗaya rabona da ita, alhali kullum ina tura mata addu'ar Juma'a ta wayar jikarta.

Wannan ba batun kyautatawa kaɗai ba ne, har lafiyar jikinka yana taɓawa. Jami'ar Harvard ta fara wani bincike a 1938, ta bi rayuwar maza 724 shekara da shekaru, wasu ɗalibanta, wasu 'ya'yan talakawan birnin Boston. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, gamsuwar mutum da alaƙarsa da na kusa da shi yana ɗan shekara hamsin ta fi yawan kitsen jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance a shekara tamanin. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya kwatanta illar rashin cuɗanya da ta shan taba kara goma sha biyar a rana. Birtaniya har minista ta naɗa kan kaɗaici a 2018. Mu kuwa muna da abin da suke kashe kuɗi suna nema: zaure, majalisa, fada, gidan suna, zaman makoki, yawon Sallah. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Hadisin haƙƙoƙi shida na Musulmi a kan ɗan uwansa ma, rabinsu sai da ƙafa: amsa gayyata, duba mara lafiya, rakiyar gawa.

Tsarin da na bi mai sauƙi ne. Mutum biyar ɗin farko, kowa ya ji muryata sau ɗaya a mako, wanda ke gari ɗaya da ni kuma ya gan ni aƙalla sau biyu a wata. Goma na biyu, ziyara ɗaya kowace Asabar bayan La'asar, bi da bi. Kada ka jira dalili, kuma kada rashin abin hannu ya hana ka. Mu kan fasa zuwa saboda kunyar zuwa hannu rabbana, alhali tsohuwa ta fi son ganinka a kan ledar lemo. In da hali, goro ko sabulu ya wadatar. In ka isa, wayar ta zauna a aljihu a kashe murya, kada ka ajiye ta a kan tabarma tana kallonka. Idan an daɗe ba a haɗu ba, kada ka tsaya kare kai. "Gwaggo, na yi laifi, a yafe mini" ta fi dogon uzuri. Bayan gaisuwa ka yi tambayar da za ta buɗe baki: yaya ƙafar nan da ke damun ki, wa ke kai ki asibiti, ina labarin su wane? Sai ka yi shiru ka saurara, ko da labarin ka taɓa jin sa.

Majalisa kuma sai an zaɓa. Ba kowane taro ne ke maganin kaɗaici ba. Akwai majalisar da idan ka tashi za ka ji ka ƙaru, an ba ka labarin aiki, an yi maka gyara, an tambayi jikin mahaifiyarka. Akwai wadda ba a komai sai cin naman mutane, kuma ka san kana juya baya kai ne abin ci. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ma'aunina shi ne yadda nake ji a hanyar komawa gida. Abin da nake sha'awa a fadar matasan Damagaram da Maraɗi shi ne shayin nan da ake dafawa a kan gawayi har zagaye uku. Ba ya dahuwa da gaggawa, dole a zauna, dole a yi magana. Idan majalisarku ta zama kowa ya sunkuya kan wayarsa, kawo shawarar a tara wayoyi a faranti ɗaya na rabin awa. Za a yi maka dariya ranar farko, wasu kuma za su ji daɗin da ba za su faɗa ba.

'Yar uwa da ke gidan aure ba kya yawan fita, na san wannan tsarin ba zai zauna miki yadda yake ba, kuma na san sau da yawa wayar ce kaɗai tagar da kike da ita. Fara da abin da ke kusa: maƙwabciya ɗaya da kika yarda da hankalinta, Islamiyyar matan aure, zubin adashi da ake haɗuwa a gida maimakon a tura ta banki. Ki zauna da maigida ku tsayar da ranar zuwa gida da ranar dubiya tun kafin buƙata ta taso. Wanda ke ci-rani a Legas ko Kumasi ko Jidda kuwa, kira na minti goma da murya ya fi sitatus talatin, sannan ka nemi inda 'yan gida ke taruwa a garin, ko zango ne ko masallaci ko teburin mai shayi.

Za a ɓata maka rai, wannan tabbas ne. Wani zai yi maka gori, wani zai roƙe ka abin da ba ka da shi. Hadisi ya ce mumini da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya cuɗanya ba ya haƙurin. A intanet kana toshe mutum da yatsa ɗaya, shi ya sa haƙurinmu ya yi laushi. Sai an sake motsa shi.

Mataki na biyar: koyi zama kai kaɗai

Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya sa mutane su zauna su kaɗai a ɗaki na minti goma sha biyar, ba waya ba littafi, sai wani maɓalli da ke jan mutum da lantarki idan ya danna. Maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun gwammace su ja wa kansu lantarkin da su zauna shiru da tunaninsu.

A gidan Bahaushe akwai ƙarin wahala: da ka keɓe za a ce "Lafiya kuwa? Wa ya taɓa ka?" Saboda haka ka sanar tun da wuri cewa kana da ɗan lokaci da kake son zama shiru, ba fushi kake ba. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne bayan sallar Asuba kafin gida ya tashi, ko tsakanin Magariba da Isha a masallaci. Mai gona ya tafi gona da ƙafa, ya bar wayar a gida. Fara da minti goma. Idan ka gama azkar ɗinka, zauna kawai. Tunani zai taso, har da wanda ka daɗe kana gudu: bashi, maganar da ka faɗa wa wani ba daidai ba, tsoron gobe. Kada ka kore shi. Ajiye takarda kusa, abin da ya nace ka rubuta shi, a ƙarshe ka ware wanda ke da abin yi a yau. Kowane mako ƙara minti biyar har ka kai rabin awa.

Amfaninsa ga batunmu kai tsaye ne. Wanda ya saba auna aikinsa da kansa, ya san inda ya yi daidai da inda ya kuskure, ba ya rasa barci don mutum bakwai kaɗai suka yaba rubutunsa. Imam Gazali yana kan ganiyar ɗaukakarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza lokacin da ya binciki niyyarsa ya ga neman suna da matsayi ne ke tura shi. A 1095 ya bar kujerar ya shiga keɓewa. Abin da nake so ka riƙe shi ne ya dawo: a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur. I'itikafi ma kwana goma ne, sai a fito a yi Idi cikin jama'a. Idan ka ga keɓewarka ta fara zama hanyar guje wa mutane, kana jin sallama kana yin lamo, to ta tashi daga magani, koma mataki na huɗu.

Mataki na shida: masu sana'a, da ranar da ka zame

Idan da waya kake cin abinci, kina sayar da atamfa ko turaren wuta a Instagram, ko kana tallan takalma a sitatus, ba za ka iya minti talatin ba. Raba layin kasuwa da na gida, in da hali waya biyu. Sa wa kasuwar lokacin buɗewa da rufewa kamar shago, ka rubuta shi a shafinka don masu saye su sani. Kuma ka riƙa ƙirga ciniki a littafi, domin laik dubu da ba a sayi ko yadi ɗaya ba bai biya kuɗin data ba.

Za ka zame. Wata rana za ka farga ka yi awa uku kana gungura TikTok. Kada ka ce shi ke nan an ɓata. Koma takardar makon farko ka duba me ya faru a ranar kafin ka ɗauki wayar, yawanci za ka tarar ɗaya daga cikin dalilan nan ne da ka riga ka gano. A kwana na arba'in ka sake duba alƙaluman wayarka da ranakun da ke gaban sunaye goma sha biyar ɗin nan, ka sabunta su.

Idan kuma ka yi mako biyu ko fiye ba ka jin daɗin komai, barci ya lalace, abinci ya fita ranka, ganin mutane ya zame maka dutse, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, wannan ya wuce batun waya. Faɗa wa ɗaya daga cikin mutum biyar ɗinka a yau, ya raka ka wurin likita. Babban asibiti mafi kusa zai iya duba ka ko ya tura ka gaba, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano.